Filin Tambaya da Amsa: Masu Rubuta Manhaja, Aikin Bayan Tashi da Lissafin Gaba

Wasiƙun wannan fitowar daga masu sana'ar rubuta manhajar kwamfuta da ta waya suka zo, daga Yamai da Tawa. Mun taƙaita su, mun kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina aiki a wani kamfani nan Yamai, ina rubuta manhaja da yaren PHP da tsarinsa na Laravel. Albashina jika 250 ne (sefa dubu 250), kuma ba ya kai ni ƙarshen wata. Mutane suna kawo mini ƙananan ayyuka, kamar shafin intanet na makaranta ko na ƙungiya, amma ban iya yanka farashi ba, kuma ina tsoron kada maigidana ya ji. Yaya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Maigidan zai ji. Masu wannan sana'a a Yamai ba su da yawan da labari zai ɓata a tsakaninsu, don haka gara ya ji daga bakinka. Amma kafin ka shiga ofishinsa, ɗauko kwantaragin da ka sa wa hannu ka nemi abu uku a ciki: ko an hana ka kowane aikin kuɗi a waje, ko abokan cinikin kamfanin kawai aka hana ka taɓawa, sannan me aka ce game da mallakar abin da ka rubuta. Na ukun ne ake tsallakewa, shi ne kuma ke kawo rigima daga baya. In ka rubuta manhajarka a kwamfutar kamfani, da intanet ɗinsa, a lokacin aikinsa, ranar da ta fara kawo kuɗi kamfanin yana da bakin cewa tasa ce. Kwamfutarka daban, asusunka na GitHub, inda ake ajiye rubutun manhaja, daban, kuma kada ka ɗauki ko layi ɗaya daga aikin ofis ka kai gida.

Sai lokaci. Bayan awa 40 na mako a ofis, abin da mutum zai iya ɗorawa a kai wata da watanni ba tare da aikin safe ya lalace ba, a ganinmu bai wuce awa 10 ba: dare biyu da safiyar Asabar. Awa 40 ke nan a wata, kuma wani kaso mai kauri ba a gaban kwamfuta zai tafi ba. Zai tafi ne a zaman jiran daraktan makaranta, da sauraron saƙon murya a WhatsApp, da zirga-zirgar karɓar kuɗi.

Daga nan farashi ke fitowa. Raba jika 250 da awa 173 na wata, awarka a ofis ta kama kusan sefa 1,450. A waje ka ninka ta kusan sau uku, ka ce 4,000, domin a nan kai ke sayen intanet da man babur, kai ke biyan haraji, kuma babu mai biyan ka awowin jira. Shafin makarantar da ka ƙiyasta zai ci awa 30, rubuta 45, don ƙiyasin masu manhaja kusan kullum gajere ne. 45 sau 4,000 ya ba da jika 180. Kuɗin sunan shafi da na hayar saba, wato kwamfutar intanet da zai zauna a kanta, daban suke, kuma da sunan mai aikin za a yi rajistarsu, ba da naka ba. Shi mai aiki ba ya bukatar jin lissafin awa. Jimla za ka faɗa masa, a rubuce.

Takarda mai shafi ɗaya ko biyu ta isa: abin da za a yi, abin da ba ya ciki, wanda zai kawo rubutu da hotuna da ranar da zai kawo, gyara zagaye biyu, da tsarin biya. Kashi 40 cikin 100 kafin a fara, 40 ranar da ya ga aikin yana tafiya a sabar gwaji, 20 ranar miƙawa. Wanda ya ƙi ba da kafin alƙalami, ka gode masa ku rabu lafiya. Abu biyu ne ke kashe irin wannan aiki. Ko dai makarantar ta yi wata uku ba ta kawo hotuna da rubutun ba, kuɗinka ya maƙale. Maganinsa a rubuta cewa in kwana 30 sun wuce ba a kawo ba, kashi na biyu ya wajaba. Ko kuma “ɗan ƙara mini wurin da iyaye za su ga sakamakon yara”, wanda a bakin mai faɗa ƙaramin abu ne, a hannunka kuwa wata manhaja ce sukutum. Kada ka ce a'a. Ka ce za a yi, ga kuɗinsa, ga kwanakinsa.

Amma bari mu faɗa maka ra'ayinmu kai tsaye: gina shafuka ɗaya bayan ɗaya ba zai canza maka rayuwa ba. Ɗinkin Sallah ne, a yi rububi, a biya sau ɗaya, sai kuma baɗi in Allah ya kai mu. Kuɗin da ke zama shi ne na kulawa. Duk aikin da ka miƙa, ka haɗa shi da yarjejeniyar kula da shi: ajiye kwafin bayanai, sabunta sunan shafi kafin ya mutu, lura da takardar tsaro ta Let's Encrypt da ke ƙarewa bayan kwana 90 in sabuntawar kai-da-kai ta tsaya, da ɗaga PHP daga tsohon zubi (7.4 ya daina samun gyaran tsaro tun Nuwamban 2022, amma har yanzu za ka tarar da shafuka a kansa). Mutum 10 masu biyan jika 10 ko 15 a wata sun fi maka babban aiki ɗaya da ba ka san ranar da irinsa zai sake zuwa ba.

TAMBAYA: Salamu alaikum. Daga Tawa nike rubuto muku. Na yi ma wani Alhaji mai saida kayan abinci sari manhaja ta lissafin kaya da ciniki, har wasu ƴan kasuwa sun gani suna so. To amma in rezo ya ɗauke ko wuta ta tafi, lissafin wayoyin yaran shago da na kwamfutar Alhaji ba su daidaita. Kuma rabin kuɗina ya ba ni, saura kullum sai in yi haƙuri. Abokaina na cewa in bar garin ga in koma Yamai. Mi kuka gani?

AMSA: Malam, kada ka yi saurin ɗaure kaya. Abin da ke hannunka, wato manhaja mai aiki da ƴan kasuwa masu tambayar ta da kansu, shi ne abin da da yawa a Yamai ke nema ba su samu ba. Daga Tawa zuwa Ƙonni, Madawa da Galmi akwai manyan ƴan sari da dillalan albasa da yawancin lissafinsu ke cikin littafi da ƙwaƙwalwa, kuma mai manhajar da ke zaune fiye da kilomita 500 daga wurin ba zai zo musu ranar da na'ura ta tsaya ba. Kai za ka zo.

Rashin daidaiton lissafin kuwa, muna kyautata zaton ga inda yake. Kana ajiye “saura” a matsayin lamba ɗaya da kowace na'ura ke gogewa ta rubuta tata. A ce saura buhu 50. Rezo ya ɗauke. Yaro na farko ya sayar da 3, wayarsa ta rubuta 47. Na biyu ya sayar da 5, tasa ta rubuta 45. Da rezo ya dawo, wadda ta iso ƙarshe ita ke danne ɗayar, sai Alhaji ya ga 45 ko 47, alhali a sito 42 ne. Gyaran shi ne kada na'ura ta taɓa aika saura. Ta aika abin da ya faru: an fitar da 3, an fitar da 5, an shigo da 100. Kowane motsi layi ne da ake ƙarawa, ba a gogewa, saura kuma jimlar layukan ce. In an yi kuskure, a ƙara wani layi mai warware shi, da sunan wanda ya yi. Wannan ma Alhaji zai fi son sa, domin zai ga hannun kowane yaro, muddin kowa na da kalmar sirrinsa.

Sai ƙananan abubuwan da ke biyo baya. Kowace waya ta rubuta cinikinta a SQLite, ƙaramin rumbun bayanai na cikinta, tukuna, ta tura in an samu rezo. Lambar kowane ciniki ta zama UUID, wato doguwar lambar da ba ta karo da ta wata waya, ba 1, 2, 3 ba, in ba haka ba wayoyi biyu za su haifi ciniki mai lamba 208 a rana ɗaya. Kada ka yarda da agogon waya, ka riƙa ajiye lokacin da saba ta karɓi layin shi ma. Kan rasit da jerin kayan da ke cikinsa su shiga tsakanin umarnin BEGIN (fara) da COMMIT (tabbatar) guda, yadda in wuta ta ɗauke a tsakiya, ko su shiga duka ko kada komai ya shiga. Kuɗi a cikakkiyar lamba za ka ajiye su, ba float, wato lamba mai ɓari, ba, tunda sefa ba ta da ɓarin da ake ciniki da shi. Ka kuma zauna da Alhaji ku tsayar da ma'auni: tiya nawa ke cikin buhun da yake saye, gwangwani nawa ke cikin katan. Yawancin “satar” da manhaja ke nunawa a makon farko daga nan take. Littafin bashi kuma ka ba shi kulawa fiye da komai, don shi ne shafin da ɗan sari zai fara buɗewa kowace safiya.

Batun wuta lissafi ne. Kwamfutar hannu mai cin wat 60 da na'urar intanet mai cin 10 sun haɗa 70. Batir 12V 100Ah yana ɗauke da kusan 1,200Wh a takarda, amma in na dalma ne rabinsa kawai ake ja in ana son ya yi ƙarko, inbata kuma ta ci nata, sai a tashi da kusan 500. Awa 7 ke nan. Zafin bazara yana rage wa batirin dalma kwana ƙwarai, don haka a sa shi a inuwa inda iska ke ratsawa, ba a ƙarƙashin kwanon rufi ba. In shagon ƙarami ne, waya ko allon Android da ƙaramar na'urar buga rasit ta milimita 58 sun fi babbar kwamfuta dacewa. Takardar irin wannan na'ura tana dushewa a zafi, saboda haka manhajar ta iya sake buga tsohon rasit da lambarsa. Kwafin ajiya kowane dare, ɗaya a shago, ɗaya a waje, kuma sau ɗaya a wata ka gwada maido da shi a wata na'ura. Kwafin da ba a taɓa gwadawa ba, ba a san ko yana aiki ba.

Kuɗinka da ke wurin Alhaji: kada ka dasa wani ɓoyayyen makulli da zai rufe masa bayanansa. Ranar da ka yi haka, kasuwa duka za ta ji, kuma babu wanda zai sake ba ka littafin bashinsa. Gyara matsalar lissafin tukuna, domin mai yiwuwa ita ce ta sa yake jan ƙafa. Sannan ka je da wani dattijo da yake jin nauyinsa, a raba sauran kashi uku da ranaku. Sababbin masu so kuwa kada ka sayar musu da manhajar, ka ba su haya: kuɗin kafawa da koyar da yara sau ɗaya, sai na wata ko na shekara ta Airtel Money, Nita ko Amana. A rubuta tun farko cewa in wa'adi ya wuce da kwana 15 ba a biya ba, shigar da sabon ciniki zai tsaya, amma karanta tsohon lissafi da fitar da shi ba za su taɓa tsayawa ba. Kuma manhaja ɗaya ga kowa. In ka yi wa kowane Alhaji tasa daban, a na biyar za ka gane gyara ɗaya sau biyar kake yin sa. Abu na ƙarshe, kada ka yi wa kowa alkawarin cewa rasit ɗinka ya maye gurbin faktir, wato takardar ciniki, mai shaidar hukumar haraji. In ɗan kasuwan yana cikin waɗanda aka wajabta wa ita, ku je ofishin haraji na Tawa ku ji ƙa'idar kafin ka rubuta komai.

TAMBAYA: Wani ƙaramin kamfani a Faransa yana so ya riƙa ba ni aiki ina daga gida a Yamai. Ta yaya zan karɓi kuɗina ba tare da an zaftare su a hanya ba?

AMSA: Malama, ki rubuta faktir ɗinki da yuro. Sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, don haka yuro 1,000 yau da na watan gobe duk sefa 655,957 ne kafin banki ya cire ladansa, dalar Amurka kuwa hawa da sauka take yi. In ta banki za a turo, akwai zaɓi uku a takardar SWIFT, tsarin tura kuɗi tsakanin bankunan duniya: OUR, mai turowa ya ɗauki duk caji, SHA, a raba, BEN, ke ki ɗauka. Ki sa OUR a cikin yarjejeniya, domin bankunan da kuɗin ke ratsawa a tsakiya suna yankar nasu. Ki tanadi kwantaragi da faktir, bankinki zai iya neman su kafin ya sakar miki kuɗin. Aikin farko ya zama ƙarami, na mako ɗaya, don ki gwada hanyar da mutanen gaba ɗaya, kuma daga baya kada aikin da ba a biya ba ya taru ya wuce na mako biyu.

In kin leƙa dandalin neman aiki irin su Upwork da Fiverr, ki fara duba yadda ake fitar da kuɗi zuwa Nijar kafin ki ɓata dare kina gyara bayananki. Fiverr yana cire kashi 20 cikin 100. Kada ki ari asusun wani, kada kuma ki ce a wata ƙasa kike, domin ranar da aka nemi katin shaida za a rufe asusun da kuɗinki a ciki. Duk wanda ya ce ki biya kafin a ba ki aiki, ɗan damfara ne. Agogo yana taimakonki: a lokacin sanyinsu agogonmu daidai yake da na Faransa, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba kuma suna gabanmu da awa ɗaya tak. Ki riƙe layin intanet biyu na kamfanoni daban-daban. Kada kuma ki manta da Abijan, Dakar, Lome da Kwatano: kuɗinmu ɗaya, Faransanci ɗaya, babu canji a tsakani.

TAMBAYA: Sai na yi rajistar kamfani kafin in fara karɓar aiki?

AMSA: Ranar da ƙungiyar agaji, ma'aikata ko wani kamfani za su ba ka aiki, faktir mai lambar NIF, wato lambar haraji, za su nema, kuma ba za su jira ka ba. A Yamai ana yin rajistar kasuwanci ta RCCM da NIF a Maison de l'Entreprise. In kai kaɗai ne, rajistar mutum ɗaya ta isa, rajistar kamfani irin SARL kuma ka bar ta sai ka samu abokin tarayya ko ma'aikata. Harajin ciniki na TVA a Nijar kashi 19 ne cikin 100, amma ba kowa ke ɗora ta a faktir ba, ya danganta da rukunin harajin da aka sa ka, don haka ka tambaya a ranar rajistar. In manhajarka tana tara sunaye, lambobin waya ko bayanan marasa lafiya, akwai hukumar HAPDP da dokar kare bayanan mutane. Ma'aikacin gwamnati kuma dokarsa daban ce, ya karanta ta kafin ya buɗe komai da sunansa.

TAMBAYA: Shekarata 35. Ina ganin yara suna sa ChatGPT ya rubuta musu cikin awa ɗaya abin da nake kwana ina yi. Anya nan da shekara 10 akwai sauran abinci a sana'ar nan?

AMSA: Akwai, Malam, amma ba a inda yake jiya ba. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, farashin aikin da kowa zai iya kwatantawa da jimla uku yake faɗuwa, kuma ba ma ganin zai tashi. Ka yi amfani da waɗannan na'urori kai ma, da ido buɗe. Suna ƙirƙiro sunan ƙunshin manhajar taimako (library) da babu shi, suna haɗa tambayar SQL, yaren rumbun bayanai, da rubutun mai amfani kai tsaye su bar ƙofa a buɗe, kuma duk makullin sirri ko bayanan mai aiki da ka liƙa musu sun bar hannunka. Wanda zai karanta abin da suka rubuta ya gane inda ya karkace, shi ake biya.

Dubi abin da ya mutu da abin da ya rage. Python 2 ya ƙare a farkon 2020, Flash a ƙarshenta, AngularJS a ƙarshen 2021. SQL kuwa an tsayar da ƙa'idarsa tun 1986, Linux na 1991 ne, Git na 2005, kuma duk da su ake aiki yau. In kana da awa uku na karatu a mako, biyu su tafi ga masu daɗewa, wato tsara rumbun bayanai, Linux, hanyoyin sadarwa da tsaro, ɗaya ga sabon yayi. Ka ƙara da Ingilishi, ko da na karatu da rubuta saƙo ne, don kusan duk littattafan sana'ar da shi ake fara rubuta su.

Abin da ya fi wannan duka shi ne ka san wata sana'a bayan taka. Mai manhajar da ya san tsarin lissafin kuɗi na SYSCOHADA, wanda sabon zubinsa ya fara aiki a Janairun 2018 a ƙasashe 17 na OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, kuma ya iya daidaita manhajar kasuwanci ta Odoo a kansa, ba ya gasa da yaro mai ChatGPT, domin zai iya zama da akanta su fahimci juna. Haka wanda ya ƙware a DHIS2, manhajar Jami'ar Oslo da ma'aikatar lafiyarmu ke tattara alƙaluma da ita, ko a KoboToolbox da ODK da ƙungiyoyi ke ɗaukar bayanai da su a karkara, ko a haɗa manhaja da hanyoyin biya ta waya. Zaɓi ɗaya. Sannan aikin da kake karɓa bayan tashi ya zama a cikin fannin nan, ko da wani aikin daban ya fi shi kuɗi a wannan watan. Shekara uku a fanni ɗaya, sai a fara kiran sunanka in an zo maganarsa.

Hanyoyin gaba uku ne, kuma kowace ana iya ɗanɗana ta da arha kafin a shige ta. In kana tunanin shugabancin tawaga, nemi a ba ka ɗalibi mai koyon aiki na wata uku ka ga ko kana da haƙurin gyara aikin wani. In zurfin fasaha kake so, ɗauki aikin da kowa ke gudu a ofis, irin ƙaurar da tsohon rumbun bayanai. In kamfaninka kake mafarki, kada ka ajiye aiki sai kuɗin kulawa na wata-wata ya kai abin da gidanka ke ci, wata shida a jere. Ka riƙa leƙa tarukan CIPMEN, cibiyar rainon ƙananan kamfanoni da ke Yamai, a irin wuraren nan ake sanin wa ya iya me. Ayyukan da masu ba da tallafi ke biya suna da maiƙo, amma suna da ranar ƙarewa, kuma wani lokaci suna tsayawa kafin ranar, don haka kada a ɗauki hayar gida a kan albashinsu.

Tanadi kuma a raba shi. Na farko kuɗin cefane da haya na wata shida, a inda hannu zai kai gare su cikin kwana ɗaya. Adashi ba ya cikin wannan, don shi sai zagaye ya zo kanka. Na biyu kuɗin kayan aiki: kwamfutar jika 480 da za ta yi shekara 4, jika 10 ke nan kowane wata, a ware tun yau, domin ƙura da zafi ba sa barin ta kai inda takarda ta ce. Na uku, wannan makon ka je CNSS, asusun fanshon ma'aikata, da lambarka ka nemi a nuna maka watannin da aka zuba maka. Ganin an cire a takardar albashi ba shi ne shaidar an zuba ba, kuma gyara giɓin shekara biyu ya fi sauƙi tun kamfanin yana nan da masu sa hannunsa.